Daga Madarunfa zuwa Gobarau: ɗalibanmu na Katsina sun taka sawun kakanni

Ɗalibin da ya tashi daga Madarunfa zuwa jami'a a Katsina, a takardar gwamnati sunansa mai karatu a ƙasar waje. Zai ratsa Ɗan Isa, ya nuna takardunsa ga duwan da ƴan sanda, ya canza sefa zuwa naira a Jibiya, ya ajiye Faransanci ya ɗauki Ingilishi. Amma ranar da shi da abokansa suka haɗa kuɗi suka ɗauki mota domin ziyarar wuraren tarihi, a ranar yake gane cewa gidan kakanninsa ya zo.

Zango na farko shi ne hasumiyar Gobarau, a tsakiyar birni. Ginin ƙasa ne mai tsawon kimanin mita 15, wanda ake danganta shi da zamanin Sarki Muhammadu Korau, cikin ƙarni na 15. A can dā masallaci ne da makaranta, kuma daga bisansa ake hango abokan gaba. Ɗan Najeriya idan ya hau, birninsu yake kallo. Shi kuwa ɗan Madarunfa, arewa yake fuskanta, domin ta nan ne sarakunan Katsina na gidan Korau suka fice bayan da mutanen Shehu Usmanu suka ci birnin a 1807. Sarki Magajin Halidu ya ƙare a Ɗankama, daga bisani Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarauta a Maraɗi wajen 1819. Shi ya sa har gobe ake kiran mai Maraɗi Sarkin Katsina.

Daga nan sai Durɓi ta Kusheyi, cikin ƙasar Mani, inda tuddai suka rufe kaburburan manyan dā. An tona wasu a 1907, aka sake tonawa a 1992, aka samu kayan ado na zinariya da tasoshin tagulla waɗanda suka ƙetaro hamada. Ƴan kasuwarmu su lura da wannan: ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Nasara, fatake sun riga sun haɗa ƙasar nan da Masar da gabas. Zango na ƙarshe Daura ne, bakin rijiyar Kusugu, wadda labari ya ce a cikinta Bayajidda ya kashe macijiyar da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Baƙo bai barin wurin sai ya kurɓa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Yaron da ya biya kuɗin mota ya ga kushewar wasu, sau nawa ya tsaya ya tambayi tarihin tasa? A kewayen tafkin Madarunfa akwai kaburburan waliyyai 99, waɗanda jama'a ke ziyarta daga Nijar da Najeriya domin neman tubarraki. Tun 2006 ƙasarmu ta sa tafkin da dajin da kaburburan cikin jerin wuraren da take son UNESCO ta ɗauka a matsayin gādon duniya. Amma labarinsu galibi yana bakin tsofaffi, kuma duk tsohon da ya kwanta dama, da nasa sani yake tafiya.

Hanyar ma ba kullum take buɗe ba. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, har cikin Maris 2024. Ga kuma ƴan bindiga da suka addabi dazuzzukan Jibiya da kudancin Madarunfa. A 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ta Daura da Katsina da Jibiya, wato kusan sawun da ɗalibanmu ke bi.

Saboda haka muna kira ga ɗalibai: idan kun dawo hutu, ku gayyato abokan karatunku na Katsina, ku kai su bakin tafki, ku zauna gaban tsofaffi da alƙalami da takarda. Ma'aikata su sauƙaƙa izini, ƴan kasuwa su taimaka da kuɗin mai. Zumunci a ƙafa yake, tarihi ma haka.