Fayil ya goge daga babbar kwamfutar ofis: me za a yi kafin ya ɓace har abada?

A Arlit da Akokan, kowa ya san darajar takarda. Tun da kamfanin Cominak ya dakatar da haƙar yuraniyom ranar 31 ga Maris 2021, tsofaffin ma'aikata da ƴan kwangila suke yawon neman shaidar aiki, da lissafin zubin CNSS, da sakamakon gwajin lafiya. Irin waɗannan bayanai yanzu sun koma cikin kwamfuta. A ofisoshi da yawa ana tara su ne a babbar na'ura guda da ake kira sabar, wadda kowane ma'aikaci ke shiga daga teburinsa. Kuskuren danna maɓalli ɗaya ya isa ya share dosiyen mutum ɗari. Sau da yawa ana iya maido da shi, amma sai an san abin yi tun a sa'ar farko.

Ina fayil yake zuwa idan an goge shi?

A ɗauka mai tsaron mangaza ne ya soke sunan wani buhu daga littafinsa. Buhun yana nan ciki, sai dai an ɗauki wurinsa a matsayin fili, duk kayan da suka iso za a iya jibge su a nan. Haka faifan ajiya yake yi: sunan fayil yake cirewa daga jerinsa, bayanan kuwa suna nan har sai sabon abu ya hau kansu. Ke nan duk wani sabon ajiye aiki a sabar yana iya taka abin da ake nema. Faifan zamani na SSD ya fi tsanani, domin yakan share gurbin da kansa ba da jimawa ba.

Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne kwandon shara. Fayil ɗin da aka goge daga dosiyen haɗaka na sabar ba ya faɗawa kwandon kwamfutar wanda ya goge shi. Rashin ganinsa a can bai nuna ya tafi ba.

Matakan da za a bi

Na farko, a faɗa wa mai kula da na'urori nan take, tare da sunan fayil, da dosiyen da yake ciki, da lokacin da abin ya faru. A roƙi abokan aiki su dakata da ajiye komai. Ɓoye kuskure don tsoron faɗan shugaba ya fi kuskuren kansa ɓarna.

Na biyu, a duba kwandon sabar kanta. Na'urorin Synology suna da dosiye mai suna #recycle, na QNAP kuma @Recycle, matuƙar an kunna su tun farko. A Google Drive, abin da aka goge yana zama kwana 30 a kwando.

Na uku, a Windows a danna dosiyen da maɓallin dama, a nemi «Versions précédentes». Idan an saita sabar tana ɗaukar hoton halin da take ciki lokaci-lokaci, za a ga dosiyen yadda yake jiya ko shekaranjiya. A kwafo fayil ɗin da ake so kawai zuwa wani wuri, kada a maido da dosiyen gaba ɗaya a danne aikin da wasu suka yi yau.

Na huɗu, a koma ga kwafin ajiya na daban. Idan babu shi, saura manhajojin tono irin su PhotoRec da TestDisk, waɗanda Bafaranshe Christophe Grenier ya ƙirƙira kuma kyauta ne. Sharaɗinsu: a tsayar da sabar, a yi aiki a kan kwafin faifan, kuma kada a zuba abin da aka tono a faifan da ake tonowa. PhotoRec yakan maido da fayiloli ba tare da sunayensu ba, sai an zauna an buɗe ɗaya bayan ɗaya.

Manya ma sun faɗa wannan rami

A 1998, umarnin gogewa guda ya share kusan kashi 90 cikin 100 na fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar na Amurka, aka kuma tarar kwafin ajiyarsu ya lalace. Abin da ya cece su shi ne kwafin da ke kwamfutar wata ma'aikaciya, Galyn Susman, wadda ke aiki daga gida bayan ta haihu. Ranar 31 ga Janairun 2017 kuma, wani injiniyan GitLab ya goge kimanin gigabait 300 na rumbun bayanansu. Hanyoyin ajiyar da suka dogara da su ba su yi aiki ba, suka rasa bayanan sa'o'i shida.

Rigakafi

Masu sayar da na'ura sukan ce sabar mai faifai biyu ko huɗu, wato RAID, ba ta ɓatar da komai. Tana kare mutum daga mutuwar faifai ɗaya, amma abin da aka goge yana gogewa a dukkansu lokaci guda.

Ƙa'idar da masana suka sani ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wajen ginin. A garin da zafi da ƙura da ɗaukewar wuta ke cin na'urori, wannan na ukun shi ne jigo. Yana iya zama faifai a gidan shugaban ofis, ko a reshen Agadez, ko a intanet. A Maris 2021 gobara ta cinye wata cibiyar kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, kuma waɗanda kwafinsu ke wuri ɗaya da na asali sun rasa duka biyun.

A rage masu ikon gogewa, a kunna kwandon sabar tun yau. Sannan kowane wata a zaɓi fayil ɗaya a gwada maido da shi daga ajiya, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba, ba a san ko yana aiki ba sai ranar da tsohon ma'aikaci ya tsaya a ƙofar ofis yana jiran takardarsa.