Shin Ko Kun San? Garin da Ke Yawo a Kan Teku

Shin ko kun san akwai jirgin ruwan da ke kwana da mutum kusan 10,000 a cikinsa? Sunansa Icon of the Seas, mallakar kamfanin Royal Caribbean. An ƙera shi a birnin Turku na ƙasar Finland, ya kuma ɗauki fasinjojinsa na farko daga Miami ta Amurka a ranar 27 ga Janairu, 2024. Idan ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja 7,600, ga ma'aikata 2,350. Tsawonsa ya kai mita 365, hawa 20 gare shi, kuma ya ninka Titanic wajen sau biyar a girma. Lionel Messi aka gayyato ya jagoranci bikin raɗa masa suna.

Ba jirgin zuwa wani wuri ba ne. Mako guda zai yi yana zagaya tsibiran Karibiyan, ya dawo da kai inda ya ɗauke ka. Jirgin shi ne wurin zuwan.

Unguwa takwas aka kasa shi. Akwai Surfside, wadda aka ware domin iyalai masu ƙananan yara. Akwai Central Park, lambu a tsakiyar jirgi mai dubban shuke-shuke na gaske, da masu ban ruwa da ke kula da su. Wuraren ninkaya bakwai, bututun sulɓi cikin ruwa guda shida, har da filin ƙanƙara da ake wasan zamiya a kansa alhali a waje rana na ƙwallewa. Wuraren ci da sha sun haura 40.

Shin ko kun san kafin jirgi ya ɗaga dole kowane fasinja, har jaririn goye, ya je a nuna masa inda zai tsaya idan hatsari ya auku? Wannan atisaye ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kansa. Asalin dokokin kare rai a teku, waɗanda ake kira SOLAS, an tsara su ne a 1914 bayan nutsewar Titanic a 1912. A da, dokar ta yarda a yi atisayen cikin awa 24 bayan fasinjoji sun shiga. Sai ga jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya a Janairun 2012, mutum 32 suka rasu, kuma daga cikin fasinjojin akwai ɗaruruwan da ba a riga an yi musu atisayen ba. Tun daga nan aka mayar da shi kafin tashi ko da zarar an tashi. Ƙananan yara kuwa ana ɗaura musu wani awarwaro a hannu mai lambar wurin taruwar iyayensu, domin idan ƙararrawa ta kaɗa suna wajen wasa, ma'aikata ne za su kai su can. Uwa ba sai ta bi hawa-hawa tana kiran suna ba.

Ba kowane ɗan gida ne zai samu shiga ba. A dokar Royal Caribbean, jaririn da bai cika wata shida ba sai dai ya jira, haka ma mai juna biyun da za ta shiga mako na 24 kafin a gama tafiyar. Dalilin a fili yake: akwai likita da ɗakin shan magani a jirgi, amma babu kayan kula da bakwaini. Yaron da ke saka kunzugu ma ba ya shiga manyan wuraren ninkaya, yana da nasa ɗan wurin fantsama ruwa daban.

Yanzu ga inda maigida zai gyara zama. Ba a ciniki da tsabar kuɗi a cikin jirgi. Kati guda ake ba kowa, shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma jakar kuɗi. Kuɗin tikiti ya haɗa da ɗaki, da abincin babban zaure, da wasannin dare, da zauren wasan yara. Amma lemon kwalba, da intanet, da gidajen abinci na musamman, da hotuna, da yawon da ake shiryawa a tudu, da ganin likita, duk da kuɗinsu daban. Ana kuma rubuta tukwicin ma'aikata kullum a kan kowane mutum, har da yara. Tun da ba a ganin kuɗi na fita daga aljihu, hannu yakan saki, sai daren ƙarshe lissafi ya iso ido ya raina fata. A ganina wannan katin ya fi igiyar ruwa haɗari ga mai iyali, musamman idan yaro ya gano yana aiki a ɗakin wasannin kwamfuta.

Ɗakuna mafi araha ba su da taga ko ɗaya. Sai agogo ya gaya maka gari ya waye.

Mai tsoron jiri da amai ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, nan ne motsi ya fi sauƙi. Jiragen suna da wasu fukafukai a ƙarƙashin ruwa da ake miƙewa don rage tangaɗi.

Ruwan da ake sha da wanka, mafi yawansa daga tekun ake ɗebo shi a cire gishirin. Dutsen guga da kyandir an hana shiga da su, domin a teku babu abin da ake tsoro kamar gobara. A ƙofar wurin cin abinci kuma za ka tarar da ma'aikaci yana tura kowa wanke hannu, saboda ƙwayar cutar amai da gudawa ta noro tana saurin yaɗuwa inda jama'a suka cunkushe. Hukumar CDC ta Amurka tana kai wa jiragen da ke amfani da tashoshin ƙasar samamen duba tsafta sau biyu a shekara ba tare da sanarwa ba, kuma wanda ya kasa samun maki 86 cikin 100 ya faɗi.

Shin ko kun san jirgi ba ya jiran kowa? Idan an yada zango a wani tsibiri aka ce a dawo ƙarfe kaza, da agogon jirgi ake nufi, wanda wani lokaci yakan saɓa da na garin. Wanda ya fita yawon kansa ya makara, shi zai nemi hanyar cim ma jirgin a tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa.

Musulmin da zai shiga irin wannan jirgi yana da nasa lissafin. Alƙibla tana sauyawa duk lokacin da jirgi ya karkata, don haka kowace salla sai an sake dubawa. Akwai naman alade a teburin abinci, akwai mashaya a kusan kowace unguwa, akwai gidan caca. Mai son abincin halal ya sanar da kamfani tun makonni kafin tafiya. Jiragen kamfanin Disney, waɗanda suka fara aiki a 1998, ba su da gidan caca sam. Saudiyya kuwa ta ƙaddamar da nata jirgin mai suna Aroya a Disamban 2024 daga tashar Jidda, babu giya, babu caca, da wuraren salla a ciki. Na Miami kuma, mai fasfon Najeriya ko Nijar sai ya fara samun bizar Amurka kafin ma a zo maganar tikiti.