Ƙananan Garkunan Taurari Da Suka Kore Hazon Farko

Jama'a masu sauraro, ko kuna Kano, ko Maraɗi, ko unguwar Bani Malik a birnin Jidda, kun san yadda hazo kan rufe gari har mutum ya kasa hango bakin kasuwa. To, masana ilmin taurari sun ce sararin samaniya ma ya taɓa yin nasa hazon.

Bisa ga lissafinsu, shekara wajen miliyan 13,800 ke nan da farkon sararin nan. Da fari zafi ya yi tsanani ƙwarai. Bayan shekara 380,000 sai ya lafa, iskar da ake kira haidirojin ta samu. Kowace ƙwayar zarra ta wannan iska abu biyu ne a haɗe, watau furoton a tsakiya, da ilektaron guda a kewayensa. Muddin suna haɗe, sukan shanye wani irin haske mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, ana ce da shi altarabayolet. Wannan shi ne hazon, ga shi kuwa a lokacin babu tauraro ko ɗaya.

Sannu a hankali iskar ta dunƙule wuri-wuri, taurari suka kunnu garke-garke. Waɗansunsu manya ne ainun. Zafin fuskar rana bai wuce digiri 5,500 ba, nasu kuwa ya haura 30,000. Haskensu in ya bugi ƙwayar haidirojin sai ya fizge ilektaron ɗin, ƙwayar ta rabu, ta daina tare haske. Ta haka kowane garke ya share fili a kewayensa, kamar manomi da ke sassabe a daji. Filayen suka yi ta faɗaɗa har suka haɗu. Kafin shekara miliyan 1,000 ta cika, hazo ya kusa ƙarewa.

Yaya aka san haka? Haske yana tafiyar kilomita 300,000 cikin sakan guda, saboda haka wanda ya hangi abu mai nisa ƙwarai, kamanninsa na dā yake gani. A 1965 waɗansu masana biyu a Amurka, James Gunn da Bruce Peterson, suka bayyana alamar da hazon zai bari cikin hasken da ya ratso shi. Ba a ga alamar sosai ba sai 2001.

Saura tambaya guda: wa ya yi aikin? Ran 25 ga Disamba 2021 aka harba madubin hangen nesa mai suna James Webb, faɗinsa mita 6.5. A 2023 ƙungiyar Simon Lilly na Zurik ta ga garkunan taurari na shekara miliyan 900 bayan farko, kowane da filinsa, wanda haske zai yi shekara wajen miliyan 2 kafin ya kai bakinsa daga tsakiya. A 2024 kuma Hakim Atek na Faris da abokan aikinsa suka auna garkuna 8 'yan ƙanana masu dushi-dushi, suka tarar hasken nan mai ƙarfi da suke fitarwa ya ninka abin da aka zata har sau 4.

Irin waɗannan ƙananan kuwa sun fi manya yawa nesa ba kusa ba. Shi ya sa masana da yawa yanzu suke ganin su ne suka ɗauki mafi yawan aikin. Dama Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Sai kuma mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.