Hijirar Mutanen Yukren Zuwa Folan

Duk wanda ya ji labarin yadda mutanen Yukren suka kwarara zuwa Folan bayan da rundunar Rasha ta afka wa ƙasarsu ranar 24 ga Fabrairu, 2022, zai zaci a ranar ce al'amarin ya soma, alhali kuwa hanyar ta riga ta sha sawu tun shekara takwas kafin nan. Asalin fitinar ya faro ne a ƙarshen 2013, sa'ad da Shugaba Viktor Yanukovych ya ƙi sa hannu a kan yarjejeniya da Tarayyar Turai, jama'a suka mamaye dandalin Maidan a birnin Kiyef, har ya arce a Fabrairun 2014. Sa'an nan Rasha ta haɗe Kirimiya, yaƙi ya ɓarke a Donbas, darajar kuɗin Yukren ta zube, sai majiya ƙarfi suka nufi yamma cin rani. Folan kuwa a lokacin tana matuƙar bukatar ma'aikata, domin nata 'ya'yan sun watsu zuwa Ingila da Jamus tun shigarta Tarayyar a 2004. Kafin babban yaƙin, fiye da mutum miliyan ɗaya na Yukren suna can, wasu magina, wasu direbobi, wasu masu jinyar tsofaffi.

Wannan, a ganina, shi ne musabbabin abin da ya ba duniya mamaki, watau ƙasa ta karɓi muhajirai miliyoyi cikin 'yan makonni ba tare da ta kafa sansanonin tantuna ba. Da yawansu suna da wa ko ƙanwa ko tsohon maƙwabci da zai buɗe musu ƙofa, waɗanda ba su da kowa kuwa mutanen gari suka sauke su a ɗakunansu. A tashar jirgin ƙasa ta Przemysl, kusa da iyaka, jiragen da suka taso daga Lviv sukan iso cike maƙil da mata da yara da tsofaffi, gama hukumar Yukren ta hana maza daga shekara 18 zuwa 60 fita; a kan tarar da masu aikin sa kai suna raba miya mai zafi da layin waya, wasu kuma riƙe da kwali an rubuta sunan garin da za su kai mutum kyauta. Ranar 4 ga Maris Tarayyar Turai ta zartar da dokar mafaka ta wucin gadi, wadda ke ajiye tun 2001 ba a taɓa aiki da ita ba, Folan kuma ta ba su izinin aiki da magani da makaranta, tana biyan mai masauki zuloti 40 a kowace rana kan kowane baƙo.

Kada mai karatu ya ɗauka tsohuwar soyayya ce tsakanin al'ummomin biyu, domin akwai jini a tarihinsu, musamman kisan gillar da aka yi wa Folawa a Volhynia a 1943. Tsoron Rasha da haƙƙin maƙwabtaka su ne suka rinjayi tsohon gilli. Karamcin kuma bai game kowa daidai ba, tun da ɗalibai 'yan Afirka, har da na Nijeriya, sun koka cewa an riƙa ture su baya a tashoshi da bakin iyaka.

Da zama ya yi tsawo sai zumuɗi ya ragu. Kuɗin haya ya tashi, manoman Folan suka tare hanyoyi saboda hatsin Yukren mai araha ya karya musu kasuwa, aka daina biyan masu masauki a 2024, muhajirai da dama suka zarce Jamus ko suka koma gida. Duk da haka kusan miliyan ɗaya suna nan, akasarin manyansu suna aiki suna biyan haraji, kuma tun daga Satumba 2024 an wajabta wa 'ya'yansu shiga makarantun Folan.