DAGA JAKAR WASIƘU: Na Ƙaro Inji, Buhuna Ba Su Ƙaru Ba

Takardar da muka ciro a wannan mako ta fito ne daga wani Alhaji mai sana'ar gyaran shinkafa a Argungu, kuma ya roƙa kada a faɗi sunansa. Ya ce yana sayen shanshera, wadda wasu ke kira samfarera, a ƙauyukan fadama, mata su turara masa, a shanya, a casa, ya kai Birnin Kebbi ya sayar. Da ya ga ciniki ya buɗe, sai ya sayar da shanunsa biyu ya ƙaro injin casa. Yau wata huɗu ke nan, buhunan da yake fitarwa ba su ƙaru ko da ɗaya ba, ga kuɗin mai, ga albashin yaron inji, har ya fara taɓa uwar kuɗi. Tambayarsa ita ce, shin sammu aka yi masa, ko kuwa injin ne ba shi da kyau?

To Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Injinka lafiyarsa lau, kuma amsar tana cikin takardarka. Kai da kanka ka rubuta cewa matan suna iya turara buhu 20 a rana, filin shanyarka buhu 10 yake ɗauka, tsohon injinka kuwa yana iya cashe buhu 30. To ka gani, ko inji goma ka jera, buhu 10 ɗin nan da suka bushe su kaɗai za a casa. Tun kafin ka sayar da shanu, tsohon injin ma yini yake yana jiran shanya.

Wannan magana akwai iliminta, ana koyar da shi a manyan makarantu, wato ilimin tsara gudanar da aiki. Tushensa shi ne, kowace sana'a abu uku ce: abin da ya shigo, aikin da aka yi masa, da abin da ya fita. A wurinka, abin da ke shigowa shi ne shanshera da itace da ruwa da mai da ƙarfin ma'aikata. Aikin kuwa mataki-mataki ne: jiƙawa, turarawa, shanya, casa, fitar da tsakuwa, ɗurawa a buhu. A cikin matakan nan dole akwai wanda ya fi sauran jinkiri, mu kira shi maƙura, kuma shi ne ke yanke yawan abin da zai fita. Manoman rani sun san haka sarai. Idan ka sayi babban injin ban ruwa ka ɗaura masa siririn tiyo, ruwan da zai isa gona iyakar faɗin tiyon ne. Maƙurarka ita ce shanya.

Ga shawararmu. Da farko ka sami littafi da biro, ka yi mako guda kana rubuta buhu nawa ya wuce kowane mataki a kowace rana. Duk inda ka ga kaya sun taru suna jira, to maƙura tana gabansu. Inda kuwa ka ga ma'aikaci zaune yana hira, to aikin da yake jira ne ya maƙale a baya.

Na biyu, kada filin shanya ya zauna fayau ko da sa'a guda rana tana sama. A shirya turarawa yadda da hantsi ya ɗaga an riga an baza. A riƙa motsa ta, kuma kada a yi mata kauri.

Na uku, sauran matakai su bi takun shanya. Idan fili buhu 10 yake ɗauka, turara 20 ɓarna ce, domin ragowar za ta kwana a jiƙe, ta yi tsami, ta canza launi, mai saye ya shinshina ya wuce. Kuma kada gaggawa ta sa a kai wa inji mai danshi. Masana sun ce danshin da ya dace da casa wajen kashi 14 ne cikin 100. Idan ya fi haka sai ta dame a cikin inji, idan kuma aka ƙona ta da rana farat ɗaya sai ƙwayar ta tsage, ta fito a karye. Shi ya sa gwanayen mata ke tara ta a inuwa ta huce, sa'an nan su sake bazawa.

Na huɗu, idan za a kashe kuɗi, a kashe su a kan maƙura. Daɓen siminti da tamfol da ƙarin hannu biyu ba su kai kuɗin inji ba. Sabon injin kuma kada ya zauna yana tsatsa, ka buɗe shi ga jama'a, a kawo casa a biya ka lada. Sai dai ka sani, ran da shanya ta kai buhu 25, maƙura za ta koma wajen masu turarawa. Saboda haka littafin nan ba na mako ɗaya ba ne.

Kada ka ɗauka wannan lissafi na ƙananan 'yan kasuwa ne kawai. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, harkar shinkafa ta bunƙasa a jihar nan. A watan Agusta 2017 aka buɗe masana'antar WACOT a nan Argungu, wadda aka gina don gyara tan 120,000 a shekara. Manyan masana'antu irin wannan ba sa dogara da rana, suna da na'urorin busarwa da manyan rumbuna, don kada damina ta tsayar musu da injuna. A Amurka kuwa, a 1913, Henry Ford ya jera aikin haɗa mota mataki-mataki, motar na tafiya tana iske kowane ma'aikaci a inda yake tsaye. Aikin da ke cin wajen sa'a 12 sai ya koma sa'a ɗaya da rabi. Kamfanin Toyota na Japan kuma ya ba kowane ma'aikaci ikon tsayar da aiki da zarar ya ga aibu. Darasinka a nan shi ne ka duba shanshera tun a wurin saye. Tsakuwar da ka bari ta shiga buhu, ka biya kuɗinta, ka turara ta, ka shanya ta, daga ƙarshe ta ɓata maka inji da suna.

Masu sana'ar hidima, irin su direbobi da masu abinci da masu gyaran babur, ku ma maganar ta shafe ku, da bambanci guda. Alhaji yana iya ajiye buhunsa zuwa wata mai zuwa, amma kujerar da ta tafi ba kowa daga Argungu zuwa Birnin Kebbi ta tafi ke nan, ba a sayar da ita gobe. Don haka ku naku shiri na lokaci ne: ku san ranar kasuwa da sa'ar da mutane ke yawa. Mai tuwo a lokacin bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara tun 1934, sau da yawa tukunyarta cike take, amma kwanuka sun ƙare, yarinya ɗaya ke wanki, masu ci sun gaji da jira sun koma rumfar gaba. Ita ƙarin kwanuka da mai wanki take bukata, tukunyar ta isa.

Alhaji, Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Ƙarar inji biyu tana da daɗin ji a unguwa, amma buhun da ya fita lafiya shi ke mayar da shanu garke. Ka gwada littafin nan, bayan wata guda ka sake rubuto mana abin da ka gani, domin sauran 'yan'uwa su ƙaru.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.