Ban-Ruwa da Zuba Taki ga Ciyawar Ƙawata Gida

Gabatarwa

A al'adar Bahaushe tsakar gida fili ne shararre, ciyawa kuwa abar nomewa ce. Dasa ta don ado baƙon abu ne da ya yaɗu daga unguwannin Turawa. Saboda haka mutane da yawa na ɗora mata tarbiyyar da ba ta dace da ita ba, su yi asarar ruwa da kuɗi. Wannan maƙala za ta yi tsokaci a kan ƙirƙiri, wadda wasu ke kira tsarkiyar zomo, domin tana jure zafin ƙasarmu.

Ban-Ruwa

Kuskuren da aka fi yi shi ne yayyafa mata ruwa kullum. Irin wannan ruwa ba ya wuce fatar ƙasa, don haka saiwoyi sai su tsaya a sama, ranar bazara kuwa ta ƙone su. Abin da ya fi shi ne a ƙosar da ita sau ɗaya ko sau biyu a mako, da sassafe, kafin rana da iska su shanye ruwan. Kowace murabba'in mita tana bukatar kimanin lita 25 a mako. Wato fili mai mita 10 tsawo da 10 faɗi zai sha lita 2,500, daidai da jarka 100 ta 'yan garuwa. Mai ƙarancin ruwa sai ya taƙaita filinsa, domin in dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Taki

Abin da ke sa ganye ya yi kore shi ne sinadarin naitirojin, wanda ya kai kashi 46 cikin 100 na takin yuriya. Kilo ɗaya ya ishi wancan fili a zubi guda. A watsa shi a kan busasshen ganye, sannan a bi da ruwa nan take, in ba haka ba zai ƙona ciyawar. Takin gargajiya kuwa, kamar kashin shanu, sai ya ruɓe sosai tukuna. Lokacin da ya fi dacewa shi ne farkon damina, sa'ad da ciyawa ke tofo.

Kammalawa

Idan ƙirƙiri ta yi fari da rani, ba mutuwa ta yi ba, kwanciya ta yi, saiwarta na nan da rai. Kada a ɗura mata taki a wannan hali. Ruwan farko na sauka za ta farfaɗo.