Ƙwarya a Buɗe da Ƙwarya a Kife: Lissafin Tashin Ruwa a Gulbin Kabi

Duk wanda ya zauna a Argungu ko Birnin Kebbi ya san cewa arzikin ƙasar Kabi a gulbi yake. Idan damina ta yi nisa, wajen watan Agusta da Satumba, ruwan Rima da na gulbin Sakkwato, waɗanda suke haɗuwa kusa da birnin Sakkwato, yakan gangaro ya malale fadama. In ya zo sannu a hankali, shinkafa ta yi albarka. In kuwa ya zo da gaggawa, sai ya shanye ta, kamar yadda aka gani a shekarar 2010 da ta 2020. Saboda haka manomi yana da tambayoyi biyu. Ta farko, shin ruwa yana tashi? Ta biyu, shin saurin tashin nasa ƙaruwa yake yi ko raguwa? Amsar tambaya ta biyu tana cikin fannin lissafin nan da ake kira kalkulas, wato lissafin canji, wanda Newton na Ingila da Leibniz na Jamus suka aza harsashinsa a ƙarni na 17.

Idan aka auna tsawon ruwa kowace rana, aka zana shi a takarda, za a sami layi mai lanƙwasa. Lanƙwasar nan iri biyu ce. Akwai wadda take kama da ƙwarya a buɗe, bakinta yana duban sama. A nan saurin tashin ruwa ƙaruwa yake yi. Akwai kuma wadda take kama da ƙwarya a kife. A nan saurin raguwa yake yi, ko da ruwan bai daina tashi ba. Wurin da layin ya bar siffa ɗaya ya shiga ɗaya shi ake nufi da gaɓar juyi.

Hanyar gano wannan gaɓa mataki uku ce. Da farko a fitar da saurin canji na farko, wanda yake nuna yadda tsawon ruwa yake canzawa. Sa'an nan a fitar da saurin canji na biyu, wanda yake nuna yadda shi kansa saurin yake canzawa. Inda na biyun ya fi sifiri, ƙwarya a buɗe take. Inda ya gaza sifiri, a kife take. Mataki na uku shi ne a nemi wurin da ya zama sifiri, a kuma duba gabansa da bayansa.

Ga misali da lambobin da aka tsara don koyarwa kawai. A ce x makonni ne, y kuwa tashin ruwa ne da santimita, kuma y = 60x² − 10x³. A ƙarshen mako na 1 ruwa ya tashi 50, a na 2 ya kai 160, a na 3 ya kai 270, a na 4 ya kai 320. Saurin canji na farko shi ne 120x − 30x², na biyu kuwa 120 − 60x. Wannan na biyu yana zama sifiri idan x ya zama 2. Kafin nan ya fi sifiri, bayan nan ya gaza shi. Ke nan gaɓar juyi tana ƙarshen mako na 2, amma ruwan ba zai tsaya ba sai mako na 4, lokacin da saurin farko ya zama sifiri.

A nan ne ma'aikacin hukuma zai yi hattara. A gaɓar juyi ruwa yana kan ganiyar saurinsa ne, kuma a misalin nan saura santimita 160 ya ƙara. Wanda ya rubuta rahoto cewa ruwa ya fara ja, alhali saurinsa ne kawai ya fara raguwa, ya jefa mutanen bakin gulbi cikin hatsari. Amfanin gaɓar shi ne tana yin bushara da wuri cewa tsayawar ruwa tana tafe.

Akwai sharuɗɗa biyu da bai kamata ɗalibi ya manta ba. Na farko, zaman saurin na biyu sifiri bai isa hujja ba. A lissafin y = x⁴ yakan zama sifiri idan x sifiri ne, amma ƙwaryar a buɗe take ta kowane gefe, don haka babu juyi. Na biyu, gulbi ba ya bin alƙalami. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978 da ta Goronyo a 1984, ruwan da yake isowa Argungu ya dogara ga sama da kuma ƙofofin madatsun. In aka saki ruwa daga can, ƙwaryar da ta kife tana iya sake buɗewa. Maganin wannan shi ne awo na kullum, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, a kuma ajiye shi a rubuce. Masu iya magana dai sun ce, da ruwan ciki ake jan na rijiya: awon bana shi ne jarin lissafin baɗi.